Labarin Ƙarin Ruwa da Gardamar da Aka Yi Bisansa

Dukanmu mun san kwalbar nan, ko jakar roba, wadda a kan rataye kusa da gadon mara lafiya, ruwa yana ɗiga kaɗan kaɗan ta siririn bututu zuwa cikin jijiyar hannu. Ƙarin ruwa ke nan. A ƙasashenmu ana girmama shi ƙwarai, har in an kai mutum asibiti da gaggawa aka sallame shi ba a yi masa ba, danginsa su kan koma gida suna gunaguni, suna cewa ba a yi masa aikin kome ba. Likitoci ma sun daɗe da tunani mai kama da wannan. Amma a shekarun nan gardama babba ta tashi a tsakaninsu, har an sake waɗansu dokoki da aka daɗe ana koyarwa. Domin mu gane gardamar sai mu koma ga mafarin abin.

Cikin shekara ta 1831 annobar kwalara ta shiga ƙasar Ingila ta garin Sunderland, a bakin teku. Likitocin zamanin ba su san abin da ke kawo ta ba. Abin da suka saba shi ne su tsaga jijiya su zubar da jini, ko su ba da maganin amai, ga mutumin da amai da gudawa sun riga sun tsotse shi. Sai wani saurayin likita mutumin Ailan, mai suna William O'Shaughnessy, mai shekara 22, ya auna jinin masu cutar, ya tarar ruwa da gishiri sun fita daga cikinsa, ya yi kauri. Ya rubuta shawara cewa a mayar wa jini abin da ya rasa.

Wanda ya gwada shawarar a jikin mutum shi ne Likita Thomas Latta na garin Leith, a ƙasar Sikotilan, cikin watan Mayu na 1832. Ya sami wata tsohuwa wadda aka riga aka fid da rai gare ta, idanunta sun faɗa, jikinta ya yi sanyi. Ya ɗura mata ruwan gishiri cikin jijiya, fiye da lita 3 cikin kamar rabin sa'a. Bugun jininta ya komo, ta soma magana. Likitan kuwa ya gaji, ya tafi ya huta. Kafin ya dawo amai da gudawa sun sake taso mata, ta mutu. Waɗansu da ya yi wa daga baya sun rayu, amma da yawa sun mutu, gama ba a san ƙwayoyin cuta ba tukuna, balle a tsabtace ruwan, ba a kuma yin aikin sai ga wanda yake bakin mutuwa. Annobar ta wuce, Latta ya rasu a 1833, aka bar aikinsa shekara da shekaru.

Haɗin ruwan ya gyaru ta hanyar kuskuren wani ma'aikaci. A Landan, wajen 1882, Likita Sydney Ringer yana binciken zuciyar kwaɗo, yana sa ta cikin ruwan gishiri. Mataimakinsa ya ɗebo ruwan famfo maimakon tataccen ruwa, sai zuciyar ta yi ta bugawa da daɗewa. Da Ringer ya bi sawu, ya gane ruwan famfon yana da sinadarin kalsiyam, wanda zuciya ba ta aiki in babu shi. A 1932 wani likitan yara a Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara gyara haɗin. Har wa yau in kun duba jakar ƙarin ruwa, sau da yawa za ku ga sunan ɗayansu a rubuce.

Ga mai kwalara ko gudawa mai tsanani, babu gardama. Ruwa ne ya fita, ruwa za a mayar. Abin da ya rage shi ne yadda za a kai shi ga jama'a masu yawa. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, 'yan gudun hijira suka cika sansani a Bangaon, cikin ƙasar Indiya, kwalara ta faɗa musu, ruwan jijiya kuwa ya kasa. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka dama gishiri da sukari cikin manyan duro, ya ce dangi su riƙa shayar da marasa lafiya da kofi. An riga an gano cewa sukari yana jan gishiri da ruwa su ratsa hanji su shiga jini, ko da gudawa ba ta tsaya ba. Dā kamar mutum 30 cikin 100 suke mutuwa a wurin, sai lissafin ya sauko ƙasa da 4. Wannan shi ne ruwan gishiri da sukari da muka sani. Mu ma ya zo mana a kan kari, gama kwalara ta shigo Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini a 1970, kafin ƙarshen 1971 ta kai Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru.

Gardama ta soma ne a kan mai rauni, wanda jini ke zuba daga jikinsa. Tun 1918, a Yaƙin Duniya na Farko, Likita Walter Cannon na Amurka ya yi gargaɗi daga bakin daga a Faransa. Ya ce in aka ɗaga ƙarfin bugun jini da ruwa tun ba a ɗaure jijiyar da ta yanke ba, jinin da mutum yake bukata zai ƙara zuba. Dalilin ba wuya. Sa'ad da jini ya ragu, bugunsa ya kan yi rauni, gudan jini ya daskare a bakin raunin kamar toshiyar tulu. In aka tura ruwa da ƙarfi toshiyar ta kan fice, jinin da ya saura kuma ya tsinke, ya yi sanyi, ya kasa daskarewa.

Ba a riƙe gargaɗin ba. Cikin shekarun 1960 binciken Likita Tom Shires a Amurka ya sa aka koyar da ba da ruwa mai yawa, har ninki 3 na jinin da ya zuba. A yaƙin Biyetnam an bi wannan hanya. Ƙodar sojoji da yawa ta tsira, wannan gaskiya ne, amma aka soma ganin waɗansu huhunsu ya cika da ruwa bayan kwana kaɗan. Duk da haka koyarwar ta kafu: mai rauni babba, a ba shi lita 2 nan da nan.

A 1994 likitocin birnin Houston, a Amurka, suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 598 waɗanda aka harba ko aka soka a ƙirji ko ciki. Kashi ɗaya an ba su ruwa tun daga kan hanya. Kashi na biyu an sa musu allura a jijiya, amma ba a sake ruwan ba sai da suka shiga ɗakin fiɗa. Cikin waɗanda aka yi wa gaggawar ruwa, 62 cikin 100 suka rayu. Cikin waɗanda aka jinkirta, 70. Yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan sun ƙara tura likitoci ga wannan hanya. Koyarwar yau ita ce a tsai da jinin tukuna, da dannawa ko ɗauri ko fiɗa, a rage ruwa, a mayar da jini a madadin jini. Akwai kuma allurar taranekzamik, mai hana gudan jini narkewa, wadda wani gwaji na mutum fiye da 20,000 cikin ƙasashe 40 ya nuna a 2010 tana rage mutuwa. An gane kuma amfaninta yana cikin sa'a 3 na farko.

Yanzu mun zo ga abin da ya fi shafar gidajenmu, wato yaro mai zazzaɓi mai zafi wanda hannuwansa suka yi sanyi, numfashinsa ya yi nauyi, ko hankalinsa ya soma gushewa. A Turai da Amurka dokar ita ce a tura masa ruwa da sauri cikin sa'a ta farko. Wani gwaji na manya 263 a birnin Detroit, a 2001, ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi a duniya duka. A asibitocin Afirka kuwa ba a cika yin haka ba, saboda rashin kaya da ma'aikata, aka ɗauka yara suna mutuwa domin an hana su abin da 'ya'yan Turawa suke samu.

Likita Kathryn Maitland, wadda take aiki a Kilifi ta ƙasar Kenya, tare da likitocin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, suka shirya gwaji mai suna FEAST a asibitoci 6. Nufinsu su nuna amfanin abin, domin a yaɗa shi. Suka soma a 2009. Kowane yaro an ba shi maganin cutarsa, da ruwan jijiya mai ɗiga a hankali, da jini in yana bukata. Abu ɗaya ya bambanta: ta hanyar ƙuri'a, waɗansu an tura musu ruwa mai yawa da sauri, waɗansu ba a tura ba. Ba a sa yara masu gudawa ba, ko masu ƙuna, ko masu tamowa. Fiye da rabin yaran zazzaɓin cizon sauro ke damunsu.

Ma'aikatan da ke bakin gado sun tabbata ruwan yana aiki, gama da idonsu suna ganin yaro ya farfaɗo, hannunsa ya yi ɗumi. Amma akwai kwamiti dabam mai duba lissafi a ɓoye. A watan Janairu na 2011, bayan an sa yara 3,141, kwamitin ya ce a tsaya. Cikin kwana 2 na farko, yaran da aka tura wa ruwa sun mutu fiye da 10 cikin 100, waɗanda ba a tura wa ba kuwa 7 da 'yan kai. Wato cikin kowane yara 100, ruwan gaggawa ya ƙara mutuwar 3. Ashe farfaɗowar sa'a ta farko ba ta faɗin abin da zai faru gobe. Da aka sake bin takardun, aka tarar yawancin ƙarin mutuwar ba daga cikar huhu da ruwa ta zo ba, kamar yadda aka zata. Zuciya da jijiyoyi ne suka kasa daga baya.

Ba kowa ya karɓi labarin ba. Waɗansu suka ce yaran suna da ƙarancin jini ƙwarai, ruwa ya ƙara tsinka shi. Waɗansu suka ce ma'aunin da aka zaɓi yaran da shi ya yi faɗi, da yawansu ba su kai matsayin da dokar take nufi ba. Waɗansu kuma suka ce a Turai akwai na'urar numfashi da za ta tallafi yaro in ruwa ya yi masa yawa. Masu gwajin suka amsa cewa sun duba yaran kashi kashi, masu ƙarancin jini da marasa shi, masu zazzaɓin sauro da marasa shi, ba su sami kashin da ruwan ya amfana ba. Littafin kula da yara na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fito a 2013 bai bi sakamakon ba, masu gwajin kuwa suka yi ƙara a fili cikin jaridun likitoci. A ganinmu suna da gaskiya, gama jinkirin ya yi yawa ga abin da aka auna a jikin 'ya'yan Afirka da kansu. Sai a 2016 Hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida: kada a tura ruwa da sauri sai ga yaron da alamu 3 suka haɗu gare shi, wato sanyin hannu da ƙafa, da bugun jini mai sauri mara ƙarfi, da farce wanda in an danna shi ya kan wuce daƙiƙa 3 bai komo ja ba. Ko shi ma da awo, ana dubansa.

Ga manya ma an ga irin wannan. Manyan gwaje-gwaje 3 a Amurka da Ostareliya da Ingila, tsakanin 2014 da 2015, ba su sami fifikon hanyar Detroit ba. A Lusaka ta ƙasar Zambiya, a 2017, cikin manya 209 masu cuta a jini, waɗanda aka bi da su ta hanyar ruwa mai yawa sun mutu 48 cikin 100, sauran kuwa 33.

Kada mai karatu ya ɗauka kowane gwaji rage ruwa yake cewa a yi. Shekaru da yawa ana koyar da cewa yaro mai tamowa, in gudawa ta tsotse shi, kada a ba shi ruwa ta jijiya sai in ya kai gargara, domin ana tsoron zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. A kan shayar da shi ta baki, ko ta bututun hanci, kaɗan kaɗan. Wannan doka ma ba a auna ta sosai ba kafin a kafa ta. Likita Maitland da abokan aikinta suka gwada ta da yara 272 a Nijar da Nijeriya da Yuganda da Kenya, aka buga sakamakon a 2025. Ba a ga bambancin mutuwa tsakanin waɗanda aka ba ta jijiya da waɗanda aka ba ta baki ba, ba a kuwa ga zuciyar da ta kasa saboda yawan ruwa ba. Masu gwajin suna so a sake duban dokar. Masu taka-tsantsan kuwa suna cewa yara 272 ba su da yawa, an kuma tsare su da ido dare da rana, abin da ƙaramin asibitin ƙauye, mai ma'aikaci ɗaya a kan aikin dare, ba zai iya ba.