Ali Akbar Dehkoda: Malamin da ya bi sawun kalmomi

A shirin tarihi na wannan mako mun leƙa ƙasar Iran ne, wajen wani malami mai suna Ali Akbar Dehkoda, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana tara kalmomin Farisanci.

An haife shi a Tehran a 1879. Da aikin jarida ya fara, yana rubutun zambo da harshen talakawa a jaridar Sur-e Esrafil. A 1908 Sarki Muhammad Ali Shah ya sa aka yi wa majalisar dokoki ruwan wuta, aka kashe editan jaridar, shi kuwa Dehkoda aka kore shi zuwa Turai.

Bayan ya dawo gida sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya je ya fake a yankin Bakhtiyari, ƙasar tuddai ta makiyaya masu hawa da sauka da tumaki bisa ga yanayi. To, a can ne ya ɗaura niyyar babban aikinsa.

Ya dinga bin diwanan manyan mawaƙa irin su Firdausi da Sa'adi da Hafiz, kowace kalma ya rubuta ta a 'yar takarda tare da baitin da ta fito a ciki. Bai tsaya a littafi ba, har karin maganar da ke bakin jama'a ya tattara, ya fitar da Amsal wa Hikam mai juzu'i 4. A 1945 majalisar ƙasar ta amince a buga ƙamus ɗinsa, Lugatname. Ya rasu a 1956 aikin bai kammala ba, sai Muhammad Mo'in da wasu malamai suka ɗora daga inda ya tsaya.

Abin lura a nan, malamin bai raina maganar talaka ba, ya ajiye ta kafaɗa da kafaɗa da ta mawaƙan fada. Kai da ka san sunan kowace saniya ta launinta da ƙahonta, ke da kika san yaren ciniki na kasuwa uku, wannan ilimi ne. In tsoho ya tafi da shi ba a rubuta ba, shi ke nan. Ku sa yaranku 'yan makaranta su riƙa rubutawa, ko da boko ko da ajami.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa.