Alien Soldier: Wahala da Adalci a Wasan da Kasuwa ta Tsallake

A watan Fabrairun 1995 kamfanin Sega ya fitar da wani wasan bidiyo a Japan mai suna Alien Soldier, wanda ƙaramin kamfanin nan na Treasure ya ƙera domin na'urar Mega Drive. Kimanin shekaru talatin ke nan, kuma duk inda aka ambaci wasan hukunci biyu ne ke biyo baya: wasa ne mai tsananin wuya, sannan wasa ne da mutane kaɗan suka sani. Yawancin masu sharhi kan haɗa hukuncin biyu su mai da na farko sanadin na biyu, wato wai wahalarsa ce ta kori jama'a har ya ɓace. Wannan maƙala tana ganin an yi kuskure a wannan haɗi. Abin da ya binne Alien Soldier lokacin fitowarsa ne da hanyar da aka bi wajen rarraba shi, ita kuwa wahalar tasa iri ce ta daban da wadda aka saba gani a wasannin zamaninsa, kuma ita ce ainihin abin da ya sa ya cancanci nazari.

Batun kasuwa shi ne mafi sauƙin tabbatarwa. Mega Drive ta fito a Japan tun 1988, kuma a can ba ta taɓa yin ƙarfin da ta yi a Amurka da Turai ba, domin na'urorin Nintendo sun riƙe gida. Kafin Alien Soldier ya iso kanti, Sega da kanta ta riga ta saki Saturn a Nuwamban 1994, Sony kuma ta biyo baya da PlayStation a Disamba, hankalin mujallu da na masu saye ya koma kan hotuna masu siffa uku. A Amurka, inda na'urar ke da dubban dubatan masu ita a ƙarƙashin sunan Genesis, ba a ma buga kaset ɗin wasan ba. An saka shi ne kawai a Sega Channel, wani tsari na sauke wasanni ta wayar talabijin ta kebul wanda aka rufe a 1998. Turai ta samu kaset, amma talabijin ɗin can a lokacin na aiki ne da tsarin PAL mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa maimakon 60, don haka wasan da aka gina kan sauri ya isa hannunsu da ɗan nauyin jiki. Wasan da bai shiga babbar kasuwarsa ba, ya kuma fito a kan na'urar da masu ita suka juya wa baya, ba ya buƙatar wani laifi na kansa kafin a manta da shi. Idan da wahala ce ke kashe suna, da Battletoads na 1991 da Ghosts 'n Goblins na 1985 ba su zama sanannu ba.

Kafin a auna wahalar Alien Soldier, sai an tuna dalilin da ya sa tsofaffin wasanni ke da wuya tun farko, domin galibi dalilin na kuɗi ne. A gidajen wasa na jefa sulalla, kowace mutuwa ciniki ce ga mai na'ura, saboda haka an tsara wasa yadda ba zai bar mutum ya daɗe a kan sulai ɗaya ba. Ghosts 'n Goblins na kamfanin Capcom ya kai abin maƙura, inda mai wasa zai sha wuya ya kai ƙarshe sai a ce masa ya koma farko ya sake kafin ya ga kammalawa ta gaskiya. Da wasanni suka shiga gidaje, sai wani dalilin ya maye gurbin wancan. Kaset ba ya ɗaukar abu mai yawa, ga shi da tsada, don haka ake miƙe gajeren wasa ta hanyar mayar da mai wasa baya. A Ninja Gaiden na 1988, wanda ya faɗi a hannun bos na ƙarshe, wato babban abokin gaba, sai ya tsinci kansa a farkon babin gaba ɗaya. A Amurka kuma a lokacin akwai shagunan ba da hayar kaset, kamfanoni na tsoron yaro ya ƙare wasa a hutun mako ɗaya ya fasa saye, kuma waɗanda suka yi The Lion King na 1994 sun bayyana daga baya cewa wannan tsoro ne ya sa aka tsananta matakansa na farko. A duk waɗannan misalai wahalar haraji ce da ake karɓa daga lokacin mai wasa ko aljihunsa.

Alien Soldier bai dace da ko ɗaya cikin waɗannan dalilai ba. Ba wasan sulalla ba ne, kuma a Japan dokar haƙƙin mallaka ta riga ta toshe hayar wasanni ba tare da izinin masu su ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gininsa ya saɓa wa dabarar miƙe wasa. Matakai 25 ne, amma mafi yawansu gajeru ne ƙwarai, 'yar tafiya ce ta daƙiƙoƙi da ƙananan abokan gaba waɗanda amfaninsu shi ne a samu jini da makami, daga nan sai bos. Abin da sauran wasanni ke ajiyewa a ƙarshen doguwar hanya a matsayin lada, shi wannan ya mai da shi hanyar gaba ɗaya: bosawa fiye da ashirin, ɗaya na bin ɗaya, kowanne da tasa siffa da nasa salon kai hari. Ga kuma agogo yana ƙirga lokaci a kowane mataki, wanda ya ƙare masa ya mutu ko da jininsa a cike yake. Mai son ya tsawaita wasa ba ya cire abin cike gurbi, kuma ba ya hukunta mai jinkiri. Hideyuki Suganami, wanda ya tsara wasan ya kuma rubuta manhajarsa, yana cikin ma'aikatan da suka yi Gunstar Heroes a 1993, shekara guda bayan wasu tsofaffin ma'aikatan Konami sun kafa Treasure a ƙarƙashin Masato Maegawa. Ya fara aikin ne da niyyar yin kusan komai shi kaɗai, domin waɗanda suka riga suka ƙware a na'urar. Hatta allon buɗe wasan na Japan kirari yake yi wa Motorola 68000, ƙwaƙwalwar da ke cikin Mega Drive.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin yadda ake sarrafa jarumin, Epsilon-Eagle. Ana zaɓar makamai huɗu cikin shida kafin a fara, kowanne yana ƙarewa idan aka matsa masa, yana kuma cika da kansa idan aka ajiye shi aka ɗauki wani. Sauya makami ba ya tsayar da wasan, don haka sai mutum ya nemi sarari a tsakiyar faɗa. Jarumin na iya tsayawa a iska, yana iya manne wa rufi ya yi tafiya kai a ƙasa, yana iya harbi a tsaye ko a guje. Amma dabaru biyu ne ginshiƙi. Ta farko ita ce Counter Force: idan aka danna maɓallin harbi sau biyu a daidai lokacin da harsashi ya iso, harsashin na rikiɗa ya zama abin ƙara jini. Ta biyu ita ce Zero Teleport, wani wucewa kamar walƙiya daga wannan gefen allo zuwa wancan, wanda babu abin da ke taɓa jarumin a cikinsa. Idan jininsa a cike yake lokacin da ya yi wannan wucewa, sai ya zama tsuntsun wuta ya ratsa abokin gaba ya yi masa mummunar ɓarna, amma a bakin wani kaso na jinin nasa, wanda ke nufin ba zai sake ba sai ya cike abin da ya ragu. To daga ina zai cike? Daga harsasan abokin gaba. Nan ne hikimar take. Sabon shiga yana ganin harsashi ya gudu, ya tsaya nesa yana harbi kaɗan-kaɗan har makami ya ƙare ko lokaci ya cika. Wanda ya gane tsarin kuwa jiran harsashin yake yi, ya mai da shi jini, ya ratsa bos da wuta, ya dawo ya jira wani. Bos ɗin da ya hana na farko sakat na tsawon yini, na biyu kan gama da shi cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma babu abin da ya bambanta su sai sani. Ba a ƙara wa jarumin wata sabuwar dabara a hanya, abin da yake da shi a mataki na 25 shi ne yake da shi a mataki na farko. Kamar dara ce: 'ya'yan da ke hannun gwani su ne a hannun ɗan koyo.

Matakan wahala biyu da wasan ya bayar ma suna goyon bayan wannan fahimta, duk da sunayensu na tsokana, Supereasy da Superhard. Na biyun shi ne wanda wasan ke farawa a kai, babu lambar sirri ta komawa inda aka tsaya, damar ci gaba bayan mutuwa kuma ƙidayayya ce. Na farkon ba sauƙi ne da shi yadda sunan ya nuna ba, amma yana ba da lambar sirri, yana barin mutum ya ci gaba iya son ransa, har ma yana ba shi ikon rage saurin wasan domin ya ga abin da ke kashe shi. Wannan kayan koyo ne. Muhawarar da ta ɓarke a 2019 kan ko ya kamata wasan Sekiro ya samar wa marasa ƙarfi sassauci ta nuna cewa tambayar ba ta mutu ba, kuma abin lura ne a ce wasan da ake yi wa kallon marar tausayi ya ba da tasa amsa tun 1995.

Akwai suka mai nauyi da ba za a kauce mata ba. Mai suka zai ce wahalar da ta dogara kan sani ba ta zama adalci sai an ba da hanyar samun sanin, Alien Soldier kuwa ba ya koyarwa. Kafin a harba harsashi ɗaya an tara wa mutum allon zaɓen makamai da na zaɓen yadda za a nuna bayanai, sannan wani allo na gwada maɓallai wanda ke nuna yadda ake yin kowace dabara ba tare da ya faɗi amfaninta ba. Wanda bai karanta ɗan littafin da ke cikin kwali ba, kamar duk wanda ya same shi ta Sega Channel, zai iya kaiwa bos na uku ko na huɗu bai san harsashi na zama jini ba. Wannan suka gaskiya ce, kuma ita ce babban aibin wasan. Sai dai a lura da inda ta sauka. Ba ta ce ƙa'idojin wasan na da zalunci ba, cewa ta yi an ɓoye su, kuma aibin da bayani na minti biyar ke warkarwa ba ɗaya yake da aibin da ke cikin ƙashin gini ba. Babu bayanin da zai hana Ninja Gaiden mayar da mutum farkon babi. Wannan ne ya sa darajar Alien Soldier ta riƙa hawa bayan intanet ta yaɗu, lokacin da kowa ke iya kallon yadda gwani ke buga shi kafin ya taɓa.

Suka ta biyu ita ce wasan bai kammalu ba, kuma jera bosawa wata hanya ce ta rufe giɓi. Alamun gaggawa a bayyane suke. Labarin yana buɗewa da dogon rubutu mai rikitarwa game da ƙungiyar Scarlet da gabar Epsilon-Eagle da Xi-Tiger, sai ga shi an gama da Xi-Tiger tun kafin tsakiyar wasan, abin da ya biyo baya kuma ba wanda ya damu ya bayyana shi. Seven Force, bos ɗin da aka dawo da shi daga Gunstar Heroes, sunansa na nuna siffa bakwai, amma biyar ake yaƙa. Wasu matakan ƙarshe, inda salon ya koma harbi a sararin sama, ba su kai na farko tsari ba. Duk da haka zargin rufe giɓi bai tsaya da ƙafafunsa ba, domin a wasa irin wannan bos shi ne abu mafi tsadar ƙerawa. Yawancin bosawan an haɗa su ne daga gaɓoɓi masu yawa da na'ura ke lissafa motsin kowannensu, kowanne kuma da dokokin harinsa. Wanda lokaci ya ƙure wa yakan maimaita doguwar hanya da ƙananan abokan gaba iri ɗaya, ba ya ƙera manyan halittu sama da ashirin. Abin da gaggawa ta ci shi ne labari, kuma a wasan da darajarsa ke cikin yatsu wannan asara ce mai sauƙi.

Saura masu cewa yabon da ake yi wa irin waɗannan wasanni ƙaunar tsohon abu ce kawai, da alfaharin masu tara kaset mai wuyar samu. Lallai ƙarancin kaset ɗin ya ɗaga farashinsa, kuma tsada kan jawo yabon da bai da alaƙa da inganci. Amma ana iya gwada wannan zargi. Alien Soldier ya daina zama abu mai wuyar samu tun da aka sake fitar da shi a PlayStation 2 a Japan a 2006, da Wii a 2007, sannan a Nintendo Switch da Mega Drive Mini 2 a 2022, kuma waɗanda ke yabonsa yanzu da yawansu ba a haife su ba lokacin da ya fito. Tsarin da aka ce ya yi tsauri ga jama'a ma an sake gwada shi a kasuwa. Cuphead na 2017, wasa mai wuya wanda kusan dukkansa faɗa ne da bosawa, ya sayar da kwafi miliyan ɗaya cikin makonni biyu. Masu saye ba su ƙi wannan tsari ba, a 1995 dai ba a kai musu shi ba.

Saboda haka wurin da ya dace da Alien Soldier a tarihin wasannin faɗa ba cikin jerin wasannin da suka fi wuya ba ne, inda ake yawan jefa shi tare da waɗanda aka tsananta don sulalla ko don haya. Wasa ne mai ƙa'idoji masu adalci da aka gaza bayyanawa, mai labari marar kai, wanda ya fito a makare. Masu nazarin tsara wasanni da ke neman misalin yadda ake mai da harin abokin gaba ya zama arzikin mai wasa, su fara da shi.