Me ya sa Indiya ta karɓi 'yanci da tsakar dare?

Yau Indiya za mu leƙa, shekarar 1947.

Kun taɓa tambayar kanku me ya sa ƙasa guda za ta karɓi 'yancinta ƙarfe 12 na dare, mutane na barci? Amsar tana cikin wata kalanda da mabiya addinin Hindu ke kira Panchang.

Sunan na nufin gaɓoɓi biyar, wato kwanan wata, ranar mako, tauraron da wata ya sauka a kansa, da wasu lissafi biyu da suke kira yoga da karana. Da waɗannan ake fitar da lokacin sa'a da na rashin sa'a a kowace rana. Misali, ana raba wuni daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kashi 8. Kashi ɗaya, kusan awa ɗaya da rabi, sunansa Rahu Kalam, kuma mai bin wannan lissafi ba ya fara tafiya ko buɗe sabon shago a cikinsa. Ranar Litinin yakan faɗo wajen 7:30 zuwa 9 na safe.

To, Mountbatten, wakilin Sarkin Ingila na ƙarshe a Indiya, shi ya tsayar da 15 ga Agusta a matsayin ranar miƙa mulki, saboda ranar ce Japan ta cika shekara biyu da miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu. Bai tuntuɓi masu duban taurari ba. Da suka buɗe Panchang sai suka ce atafau, wannan rana ba ta da alheri.

Ga Bature ya riga ya sanar, ga miliyoyin mutane sun yarda da masu duba. Mafitar ta fito daga yadda kowa ke ƙirga rana. A wajen Bature, sabuwar rana na shiga ƙarfe 12 na dare. A lissafin Hindu kuwa sai rana ta fito. Ke nan tsakar dare 15 ga wata ne a wajen Ingila, amma a Panchang ranar da ake gudu ba ta shigo ba tukuna. Shi ya sa majalisa ta zauna a Delhi ƙarfe 11 na daren 14 ga wata, Nehru ya yi jawabinsa, agogo na buga 12 aka zama 'yantattu.

Amma fa zaɓen lokacin bai hana jini zuba ba. Raba ƙasar da Pakistan ya kori sama da mutum miliyan 10 daga gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu. An daidaita kan sa'ar biki, amma taswirar iyakar ma sai 17 ga Agusta aka bayyana ta.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.