Daga Albashi Zuwa Kasuwa: Marubuci da Hanyar Jibiya

A 'yan shekarun nan da yawa daga cikinmu marubuta mun ɗanɗani aikin kwantiragi: rubuta wa gidan talabijin fim mai dogon zango, ko wasan rediyo ga wata ƙungiya, ƙarshen wata kuɗi su shigo. Da wa'adi ya cika sai mu koma cin gashin kanmu, gaba yana faɗuwa. To, ba mu ne farau ba.

Ƙagaggen labarin Hausa na boko a gidan albashi aka haife shi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, a lokacin yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Daga baya aka aro shi zuwa Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Hukuma ce ke sayen takarda, ta buga, ta rarraba a makarantu. Sai dai mai ba da abinci shi ke zaɓar miya: abin da hukuma ke so shi ake rubutawa. Da aka rufe hukumar NORLA a 1959, buga littattafan hira ya ja baya, kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 kuma ya fi karkata ga littattafan makaranta.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ƙara janye jiki. Nan ne irin su Talatu Wada Ahmed, Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka daina jiran kowa. Marubuci ya tara kuɗinsa ya biya maɗaba'a, ya kai wa dillalai a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya jira sai an sayar a ba shi nasa. Masu suka suka laƙaba wa abin Adabin Kasuwar Kano, amma shi ne ya kai littafi har cikin ɗakunan matan aure.

Wannan 'yanci kuwa a kan titi ya dogara. Kwalayen littattafai sun bi hanyar atamfa da kaset: daga Kano zuwa Katsina, a ratsa Jibiya, a tsallaka iyaka ta Magama, a shiga Ɗan Isa, sai Maraɗi, garin da gidan sarautar Katsina ya koma bayan jihadi. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, masu karatu ɗaya.

Mun kuma ga yadda titin ke yankewa. An rufe iyakokin Nijeriya a watan Agusta 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake garƙame ta har Maris 2024. Mai albashi ba ruwansa da shinge. Mai zaman kansa kuwa, duk ƙofar da aka rufe tsakaninsa da mai karatu, tukunyarsa aka taɓa.

Yau labari yana tsallaka Jibiya ta waya, ba kwastan ba kwali. Kuɗi ne har yanzu ke tsayawa a iyaka, shi ya sa marubutan WhatsApp ke sa farashi biyu, na naira da na sefa, da wakili na musamman ga mutanen Nijar. Ko kafar intanet ba ta da tabbas: OkadaBooks ta rufe a 2023.

Saboda haka wanda zai bar kwantiragi ya koma rubutu gadan-gadan, kada ya tsaya lissafin albashin da ya bari kawai. Ya lissafa hanyoyinsa: su wa ke karanta shi, ta ina labari zai isa gare su, ta ina kuɗi za su dawo, in an toshe ɗaya wacce ta rage. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, gaskiya ne, amma fa sai in ka san hanyar daji.