Kaele da Linjilar Markus: sarkin da ya hana a yi masa kirari

Wanda ya san Kaele, hedikwatar gundumar Mayo-Kani a can ƙuryar arewacin Kamaru, da auduga ya fi saninta. A farkon shekarun 1950 kamfanin Faransa na CFDT ya kafa sansaninsa a garin, kafin Sodecoton ta gaje shi a 1974 ta zauna a Garwa. Amma tun kafin injin gurzar auduga ya fara ruri, wasu baƙin sun riga sun shiga ƙasar Mundang, inda Kaele take, da wata hajar. Berge Revne, ɗan asalin Norway da cocin Lutheran Brethren ta Amurka ta aiko, ya sauka a Lere, tsallaken iyaka cikin Chadi ta yau, a 1920. Daga nan aikin ya bazu zuwa Yagoua da Kaele da Garwa, kuma a Kaele aka kafa makarantar horar da fastoci. 'Yan Katolika sun biyo baya, lokacin da Yves Plumey ya jagoranci limaman ƙungiyar Oblat zuwa arewa a 1946, har suka buɗe mishan a Lara, dab da Kaele.

Cikin littattafan da waɗannan mutane suka zo da su akwai wani ɗan ƙarami mai sura 16, Linjilar Markus. Masu fassara a Afirka sukan so farawa da ita, don gajera ce kuma labari ne tsagwaronsa, babu dogon jerin kakanni, babu tarihin haihuwa. An daɗe ana yi mata kallon taƙaitaccen Matiyu, sai a ƙarni na 19 masana a Jamus, irin su Karl Lachmann a 1835 da Heinrich Holtzmann a 1863, suka share fagen ra'ayin da yawancin manazarta ke kai a yau: Markus ce ta fari, an rubuta ta da Helenanci wajen shekara ta 70 Miladiyya, kuma Matiyu da Luka daga rijiyarta suka ɗebo. Papias, wani bishop na farkon ƙarni na 2, ya ce Markus tafintan Bitrus ne, almajirin Yesu, abin da ya ji daga bakinsa ya rubuta.

Abin da ke ɗaure wa mai karatu kai shi ne yadda littafin ke riƙe da sunan da ya fara da shi. Tun layin farko an gaya maka cewa Yesu ne Almasihu, amma mutanen cikin labarin ba su sani ba, shi kuma bai yarda a faɗa ba. Aljanu sun gane shi, ya tsawata musu su yi shiru. Ya warkar da kuturu, ya ce kada ya gaya wa kowa. Ya tayar da 'yar Yayirus, ya ja kunnen iyayenta. Masani William Wrede ya rubuta littafi sukutum a kan wannan ɓoyo a 1901, yana ganin ba tarihi ba ne, fahimta ce ta Kiristocin farko da marubucin ya gada, kuma har gobe ana ja-in-ja da shi. Ni dai a ganina amsar tana tsakiyar littafin, a sura ta 8. A kan hanyar Kaisariya Filibi, Bitrus ya furta cewa malaminsu shi ne Almasihu. Nan take Yesu ya hana su yaɗawa, ya shiga gaya musu cewa za a ƙi shi, a kashe shi, sannan ya tashi. Bitrus ya ja shi gefe yana yi masa faɗa, ya sha amsar da ta fi kowace zafi a littafin, har aka kira shi da sunan Shaiɗan. Laƙabin da Bitrus ya faɗa daidai ne, sarautar da ya hango ce ba ita ba. Yahudawan zamanin da yawa suna jiran ɗan gidan Dawuda da zai kori Romawa, Markus kuwa ya ƙi a kira sunan sai an haɗa shi da wahala. Shi ya sa mutum na farko da ya kira shi Ɗan Allah a littafin ba almajiri ba ne, hafsan sojan Roma ne da ke tsaye a gindin gicciye.

To, a auna yadda wannan zai faɗa a kunnen Mundang. Mutane ne da suka san sarauta ciki da bai. Gong na Lere, wato sarkinsu, ba mai yanke shari'a kawai ba ne, ruwan sama da albarkar gero suna rataye a wuyansa, kuma masanin Faransa Alfred Adler ya nuna a littafinsa na 1982 yadda mutuwar sarki ke ɗaure da ikonsa a al'adarsu. Gefe guda ga lamiɓe na Fulani a Garwa da Marwa da Binder, da dawakai da algaita da 'yan kirari. Bayansu ga kwamandan Bature. Duk wanda ya tashi a wannan ƙasa ya san cewa kusanci da fada shi ne tsani. Sai ga littafi yana ba da labarin sarkin da ba shi da fada, wanda aka yi wa rawanin ƙaya don izgili.

Almajiran cikin labarin ma tsanin suka hango, kuma Markus bai rufa musu asiri ba. Sau uku Yesu ya yi maganar mutuwarsa, a sura ta 8 da ta 9 da ta 10, sau uku suna yin ɓatan kai. Bayan Bitrus, sai aka kama su suna gardamar wane ne babba. A karo na uku Yakubu da Yohanna, 'ya'yan Zabadi, suka zo neman kujerun dama da hagu, kamar masu kamun ƙafa ana gobe naɗi. Kowane karo amsar guda ce: mai son girma ya zama bara, mai son bi ya ɗauki gicciyensa. Marubucin ya kewaye wannan sashe da makafi biyu. Na Betsaida sai da aka taɓa shi sau biyu, don da farko mutane yake gani kamar itatuwa suna tafiya, wato gani irin na Bitrus, rabi da rabi. Na Yariko, Bartimawus, ya yar da mayafinsa ya bi hanya. Daren kamu kuwa duk suka watse, Bitrus ya yi musun saninsa sau uku. Mata ne suka tsaya daga nesa suna kallo.

Me zai sa marubuci ya tona asirin shugabannin jama'arsa haka? Da yawa daga masana suna danganta littafin da Roma bayan gobarar shekara ta 64, lokacin da sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifi ya karkashe su, wasu kuma da yaƙin da ya ƙare da rushe Haikalin Urushalima a 70. Ko wanne ne, masu sauraro na farko sun san tsoro, kuma akwai waɗanda suka yi musu don tsira da rai. Labarin Bitrus ya gaya musu cewa wanda ya faɗi bai fita daga sahu ba. Arewacin Kamaru ba Roma ba ce, kada a yi ƙari. Sai dai a zamanin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, sananne ne cewa ɗan Mundang ko Tupuri ko Giziga mai neman muƙami a arewa yakan ga hanya ta fi sauƙi in ya musulunta ya rungumi Fulatanci. Katekis na ƙauye da ya ƙi wannan hanya ba sai an yi masa dogon sharhin sura ta 10 ba.

Bahaushen kasuwar Kaele ko Garwa ba baƙo ba ne ga laƙabin Almasihu, don Alƙur'ani ma da shi yake kiran Annabi Isa ɗan Maryam. Inda hanya ta rabu shi ne ainihin inda Markus ya kafa turakunsa: Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Markus kuwa ya ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na littafinsa ga makon ƙarshe a Urushalima. Maƙwabta sun daɗe da sanin wannan bambanci, suna cin kasuwa ɗaya.

Akwai kuma rigimar ƙarshen littafin, wadda duk ɗalibin tauhidi sai ya ci karo da ita. Tsofaffin kwafi biyu na ƙarni na 4, Sinaiticus da Vaticanus, sun tsaya a aya ta 8 ta sura ta 16, inda matan suka tarar babu gawarsa a kabari suka gudu a tsorace. Ayoyi 12 da ke biye, masu ba da labarin bayyanarsa ga almajirai, yawancin masana sun yarda wani hannu ne ya ƙara su a ƙarni na 2. Bugu da dama na zamani suna ɗauke da su, amma cikin baka ko da ɗan bayani a ƙasan shafi, kuma fasto ne zai yanke shawarar inda zai tsaya da karatu ranar Ista.