Auren farar fata da baƙar fata: daga Maijirgi zuwa gobe

Tun kafin zuwan Nasara, ƙasar Hausa ta san auren da ke haɗa launi biyu. Fataken Larabawa na Gadamas da suka zauna Kano da Damagaram sun auri Hausawa, haka ma Buzaye da Fulani, kuma zuriyarsu ta saje da jama'ar gari. Dalili kuwa shi ne an cika sharuɗɗa: akwai waliyyi, akwai sadaki da shaidu, ɗa kuma ya tashi da sunan ubansa.

Haɗuwarmu da Turawan mulkin mallaka ta soma ta wata hanya dabam. A shekarar 1899, ayarin yaƙi na Vule da Shanwan ya ratsa ƙasar nan yana jan ɗaruruwan matan da aka kamo cikin garuruwan da aka ƙone, har ranar da sojojinsu suka kashe jagororin biyu a wajejen Maijirgi, kusa da Tasawa. Bayan an kafa mulki, sai aka shiga abin da Faransawa ke kira aure irin na ƙasa. Littafin jagora da likita Baro ya wallafa a 1902 ya shawarci Baturen da zai zo Afirka ta Yamma ya ɗauki ƴar ƙasa na ɗan lokaci, don lafiyarsa da koyon harshe. In wa'adin kwamanda ya cika, yakan koma Faransa, ya bar uwa da goyo.

Ƴaƴan da aka haifa, waɗanda ake ce wa ruwa biyu, su suka ɗauki nauyin abin. Gwamnati takan raba su da uwayensu ta tara su a gidajen marayu, kamar na Bamako da na Damagaram, alhali uwa tana raye, uba ma yana raye. Dokar 1930 ta ba su damar neman zama ƴan Faransa ba tare da an ambaci sunan uban ba. Wannan rauni bai warke ba har yau: a 2019 Beljiyam ta nemi gafarar irin waɗannan yara na Kwango da Ruwanda da Burundi, a 2024 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Burussel ta ce raba su da uwayensu laifi ne ga bil'adama.

A wasu ƙasashe kuwa, aure na gaskiya ne aka hana. Seretse Kama na Botsuwana ya auri Baturiyar Ingila a 1948, aka raba shi da sarauta, daga baya ya zama shugaban ƙasarsa na farko a 1966. Afirka ta Kudu ta haramta irin wannan aure daga 1949 zuwa 1985. Amurka ma sai a 1967 kotun ƙoli ta soke hanin a duk jihohi. Ke nan mai mulki bai ƙi kusantar baƙar mace ba. Abin da ya ƙi shi ne ya tsaya gaban shaidu ya karɓe ta daidai da shi.

To, ina aka dosa? Karatu a waje, ci-rani da intanet suna ƙara haɗa matasanmu da mutanen wasu nahiyoyi, ko da ɗan Alasan Mairairai ne ko ɗan Mayahi. Dokar Nijar ta 2014 ta ba mace ikon ba mijinta baƙo zama ɗan ƙasa, kamar yadda namiji ke yi wa matarsa. Tambayoyin da iyaye za su yi gobe su ne na kakanninmu: mene ne addininsa, su wane ne danginsa, wa zai tsaya masa, wane harshe jikoki za su ji? Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu suna da aiki a nan: su tattara labarin matan nan da ƴaƴansu daga bakin tsofaffi tun suna raye, domin yaranmu su san bambancin auren da aka ɗaura da wanda aka tilasta.