Jos, garin fim: tarihinsa da wuraren da ya kamata baƙo ya gani

A ƙasashen da sana'ar fim ta kafu, akwai wuraren shaƙatawa da aka gina a kan fina-finai. Mutum zai sayi tikiti ya shiga da iyalinsa, ya ga gidaje da titunan da aka ɗauki fim a cikinsu, a nuna masa dabarun da ake yi a bayan kyamara, yara kuma su hau lilo. A arewacin Najeriya babu irin wannan wuri da aka kewaye da katanga ɗaya. Garin da ya fi kusa da shi shi ne Jos, babban birnin jihar Filato, sai dai nasa kayan kallon a warwatse suke, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Daga ina abin ya samo asali?

A shekarar 1915 Carl Laemmle ya buɗe sansanin shirya fim na Universal a kusa da Los Angeles ta ƙasar Amurka, ya riƙa barin jama'a su biya 'yan kuɗi kaɗan su zauna su kalli yadda ake ɗaukar fim. Da aka fara fim mai magana sai aka daina, saboda hayaniyar 'yan kallo tana shiga cikin sauti. A 1964 aka dawo da ziyarar, ana zagayawa da mutane a doguwar mota mai tarago, daga nan wurin ya zama Universal Studios na yau. Disneyland kuma an buɗe ta a 1955.

Masoya fim ɗin Indiya su ma suna da nasu. Ramoji Film City da ke Hyderabad, wanda aka buɗe a 1996, ya haura eka 1,600, kuma kundin Guinness ya sa shi a matsayin sansanin fim mafi girma a duniya. Universal da Ramoji dabararsu ɗaya ce: ginin da aka yi don fim ba a rushe shi, sai ya ci gaba da kawo kuɗi daga masu ziyara.

Me ya sa Jos?

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200. Ga sanyi, ga duwatsu, ga sararin da ido ke hangen nesa, abin da mai riƙe da kyamara ke nema ke nan. Tun 1926 wani Baturen Ingila, Geoffrey Barkas, ya ɗauki fim ɗin Palaver a cikin ƙabilun tudun Filato, kuma ana lissafa shi cikin dogayen fina-finai na farko da aka yi a Najeriya. Fim ne na zamanin mulkin mallaka, da irin kallon raini da Turawan lokacin ke yi wa baƙar fata, amma ya nuna tun yaushe aka gane kyan wurin.

A farkon shekarun 1980 tashar NTA ta ɗauki Cock Crow at Dawn a yankin Jos, wasan da ke jan hankalin mutane zuwa noma. Dattawanmu na Agege da Sabon Ibadan za su tuna marigayi Sadiq Daba a matsayin Bitrus, da waƙar Bongos Ikwue da ke buɗe shirin. A 1990 kuma aka fitar da Mister Johnson, wanda Pierce Brosnan ya fito a ciki tare da Hubert Ogunde. A Toro aka ɗauke shi, can ƙasar Bauchi, tafiya kaɗan daga Jos.

Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wato NFC, an kafa ta a 1979, kuma hedikwatarta a Jos take. A nan ne Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take tun 1995, tana aiki tare da Jami'ar Jos. Ma'ajiyar tsofaffin fina-finai da sauti ta ƙasa ma a garin take. Muhimmancin irin wannan ajiya ya fito fili a labarin Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976 da aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano faifansa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Kannywood ma ta sha daga wannan rijiya. Sani Mu'azu, Nafisa Abdullahi da Sadiq Sani Sadiq duk 'yan Jos ne. Ali Nuhu a Jami'ar Jos ya yi karatu, kuma a watan Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban NFC.

Gidan Tarihin Gine-ginen Gargajiya

In akwai wurin da ya yi kama da sansanin fim a Jos, to wannan ne. Ana kiransa MOTNA a taƙaice, yana maƙwabtaka da Gidan Tarihi na Jos. Wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana zagaya Najeriya yana auna tsofaffin gine-gine yana zana su. A shekarun 1970 aka shiga sake gina wasu daga cikinsu a Jos, da girmansu na ainihi, da ƙasa da tubali da azara.

A fili ɗaya mutum zai ga kwaikwayon ganuwar Kano, da wani sashe na fadar Katsina, da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, tare da gidajen wasu ƙabilu. Masallacin Zariya na asali aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajejen shekarun 1830. An yi masa sauye-sauye daga baya, sannan a watan Agustan 2023 wani ɓangarensa ya rufta, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu. Wannan ya ƙara wa na Jos daraja, domin a nan ne za a tsaya a ƙarƙashin bakan gizo da tulluwa a ga yadda magina Hausawa ke rufe babban ɗaki ba siminti ba ƙarfe.

Ga yaron da aka haifa a Idi-Araba ko Fatakwal, wanda bai taɓa ganin soro ko zaure ba sai a fim, yini ɗaya a nan ya fi dogon bayani. Gani ya kori ji.

Sauran wuraren kallo

Gidan Tarihi na Jos: Bernard Fagg ne ya kafa shi a 1952. A nan ake ajiye sassaƙen yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma masu haƙar kuza ne suka fara tono su. Akwai ɗakin tukwane, da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa da ke tuna wa mutum ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos. Gidan zu yana nan kusa.

Gandun Namun Daji na Jos: an kafa shi a 1972 a zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 8.

Filin Wasa na Solomon Lar: an sa masa sunan gwamnan farar hula na farko a jihar, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983. Wurin lilo ne da hutawar iyali, ya fi cika lokacin Sallah da Kirsimeti.

Duwatsun Shere: suna gabas da gari, ƙololuwarsu ta kai kusan mita 1,800.

Dutsen Riyom da magangarar ruwa ta Assop: duka suna kan hanyar da ta fito daga Jos ta nufi Abuja. Duwatsun Riyom a ɗore suke kan juna kamar da hannu aka jera su.

Tafkin Rayfield: tsohon ramin haƙar kuza ne da ya cika da ruwa, yanzu ya zama wurin shan iska. Irin waɗannan ramuka suna da zurfi ƙwarai, kada a bar yara su matsa bakin ruwa su kaɗai.

Me ya hana a haɗa su wuri guda?

An taɓa yunƙurin gina sansanin fim a arewa. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano. Malamai da jama'a da dama suka nuna adawa saboda tsoron lalacewar tarbiyya, masu sana'ar kuma suka ce aikin yi ne ga matasa. A ƙarshe aka janye shirin.

Matsalar Jos daban ce. Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 sun rage baƙi, sun raba unguwanni, harkar fim da ta yawon buɗe ido duk suka ji a jikinsu. Sannan ginin ƙasa sai da yaɓe a kai a kai, damunar Jos kuwa mai ƙarfi ce. Duk shekarar da ba a taɓa gine-ginen MOTNA ba, ruwa yana cin rabonsa, magina masu wannan ilimi kuma raguwa suke yi. Abin da Indiya da Amurka suka kashe maƙudan kuɗi suka ƙirƙira, Jos tana da tushensa a ƙasa, kulawa ce ta yi ƙaranci.

Ga mai niyyar zuwa

Daga Legas ana iya hawa jirgin sama zuwa filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, ko a bi mota ta Lokoja da Abuja. Tafiyar mota doguwa ce, gara a yi ta da rana. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin Jos ba wasa ba ne, wanda ya saba da zafin kudu ya riƙo rigar sanyi, musamman ta yara. Kafin a tashi a tuntuɓi 'yan uwa mazauna garin kan halin da ake ciki da unguwar da ta dace a sauka. NFC da makarantar fim ma'aikatu ne, sai an nemi izini kafin a shiga. Mai yini ɗaya kacal ya fara da Gidan Tarihi da MOTNA, tunda a jere suke, ana gama su da ƙafa.